Shuɗin layi da tambayar Alhaji

Talata. Na fita da sassafe, hanyar Sharaɗa fayau, har na samu tsayawa wurin mai ƙosai. Hazo ya fara sauka, ni kuwa ina son wannan lokaci, don injinan ba sa ɗaukar zafi kamar a bazara. Da fara'ata na shiga masana'anta.

A bakin ƙofa na tarar an dawo da moton injin ɓare shinkafa daga wurin mai naɗin wayar moto, yana ta warin fenti. Karo na biyu ke nan cikin wata huɗu. Ranar da aka buɗe shi na leƙa da idona: naɗin layi ɗaya ne ya yi baƙi ƙirin, sauran biyun jan tagullarsu na nan kamar sababbi. Duk mai aikin wuta ya san ma'anar wannan. Layukan wuta ukun nan da ke shiga moton, ja da rawaya da shuɗi, ba daidai suke ɗaukar kaya ba.

Saboda haka bayan azahar na ɗauki takardata ta neman a sayo mitar auna layukan, na shiga ofishin Alhaji mai masana'antar. Kwana uku ina haɗa ta.

Ya karanta, ya ajiye tabarau, ya ce, "Injiniya, wannan abin da kake so a sayo, yana ɓare shinkafa?"

Na ce, "A'a, ranka ya daɗe."

"To yana rage kuɗin wuta?"

"Shi da kansa dai, a'a."

"To me yake yi?"

Na ce aunawa yake, dare da rana, yana ajiye abin da ya gani. Sai ya nuna mini ta taga, ya ce ga mita can a bango, kowane wata tana faɗa masa abin da ya sha, kuma tun da aka kai masu Band A naira 225 kan kowane yunit a Afrilun 2024 bai ƙara kallonta da daɗin rai ba. Mita ta biyu ta mece ce?

Na ce waccan jimla take bayarwa. Na kawo masa misalin murhu: duwatsu uku ne ke riƙe tukunya, in ɗaya ya nutse a ƙasa, tukunyar ba ta rage nauyi ba, amma ta karkata, sauran kuma su ji a jikinsu. Ran Alhamis daf da magariba na auna boltej tsakanin layi da layi, na samu 418, da 414, da 392. Matsakaicinsu 408, wato ɗaya ya kauce da kusan kashi 4 cikin ɗari. A ido ba wani abu ba ne. Amma ƙa'idar da masu ƙera moto a Amurka suka sa ita ce, da zarar bambancin ya wuce kashi 1 sai a rage wa moto kaya, in ya haura 5 kuwa kada ma a kunna. Ƙarin zafin da naɗi ke ɗauka, a kiyasi, ninki biyu ne na bambancin in an ninka shi da kansa, don haka 4 ɗin nan kusan kashi 30 ke nan na ƙarin zafi. Da safe kuwa in na sa kilam mitata, wato mitar hannu da ake maƙala wa waya, komai lafiya lau. Ita abin da ta gani a wannan daƙiƙar kaɗai ta sani. Ni na fi zargin shuɗin layi, don a kansa aka jibga fitilun fili da na ɗakin ma'aikata, amma zargi ba hujja ba ne.

Abu uku na rubuta masa. Akwai ƙaramar mitar nan ta fuskar fanel mai jan rubutu, wadda ke cike a Sabon Gari. Tana nuna boltej da amfiya, da ka juya baya ta manta. Akwai wadda nake so, irin su Schneider PM5000 ko Siemens PAC3200, da ake kafawa dindindin, kowane layi da zoben awonsa, wato CT, tana ba da kilowat da karkatar layuka da ingancin yadda ake shan wutar, a ja mata waya biyu ta RS-485 zuwa kwamfutar ofis ta riƙa tara bayanai. Na uku ita ce ta tafi-da-gidanka, irin jerin Fluke 1730, mai lanƙwasassun igiyoyin Rogowski da ake zagaya wa kebur ba tare da an kashe wuta ba. Wannan kuɗinta da dala ake faɗa, na san ba zai saya ba, haya na ce a ɗauko ta na mako guda.

Har zoben ma na yi masa lissafi. Taransifomarmu kVA 500 ce, a boltej 415 ba ta wuce amfiya 700 ba, saboda haka zobe mai 800/5, wato mai auna har amfiya 800, shi ne daidai da mu. Mai shagon da na je wurinsa 1600/5 yake da shi, yana ta ce mini babba ya fi ƙarko. Ai ba takalmin yaro ba ne da za a ce zai girma ya cika shi. In zobe ya yi wa kaya yawa, lokacin da aiki ya yi ƙasa awonsa ba abin dogara ba ne. Kuma mai buɗewa nake so, wanda za a maƙala a kan kebur, don rufaffen sai an kashe masana'anta an kwance waya, ga kaka ta kama, motoci na layi a waje. Ga kuma inbatocin nan biyu da muka sa bara, suna gurɓata wutar, mita mai arha ba ta karanta irin wannan daidai.

Ya saurare ni har ƙarshe, ban raina masa wannan ba. Sannan ya ce, "A sayo mai jan rubutun tukuna. Sauran sai bayan kaka, in Allah ya kai mu."

Na ce, "Allah ya kai mu." Na fito.

Da la'asar na kusa ganin abin da ba zan manta ba. Yaron nan nawa yana share tsohon fanel, sai na hango sukundireba a hannunsa, ya ɗora ta kan wayar da ta fito daga tsohon CT, injin kuma na aiki. Ban san lokacin da na riƙe masa wuyan hannu ba. Wayoyin nan biyu, in aka raba su alhali wuta na bi ta kebur, boltej ɗin da ke tashi a bakinsu yana iya kashe mutum. Sai an fara haɗe su da juna. Jikinsa na rawa ya ce, "Oga, wallahi ban sani ba." Na ce yanzu ka sani. Na sa shi ya maimaita sau uku.

A gida uwargida ta yi dambu. Auta ya haddace sabuwar sura, ya karanta mini a tsaye.

Amma tun da na kwanta "a'a" ɗin nan biyu suke mini yawo a kai. Gaskiya na faɗa, sai dai na bar ta tsirara. Da na tambaye shi nawa ya biya mai naɗi sau biyu, buhu nawa kuma aka rasa a kwanakin da injin ya yi a kwance. Lissafin da yake ji ke nan, ni kuma na je masa da nawa. Shekara goma sha ɗaya ina wannan aiki, moton da ya ƙone a hannuna yana ci mini rai kamar dabbar da aka ba ni kiwo.

Na saita agogo ƙarfe biyun dare. Masu aikin dare suna nan har asuba, Baba mai gadi zai buɗe mini. Kilam mita da littafi suna cikin jaka. Zan auna layi ukun kowane rabin awa, yau da gobe da jibi, in kai masa a rubuce ran Juma'a kafin ya tafi masallaci.