Abin da haɗa sabwufa ya koya min game da ɗaki

Yawancin waɗanda na haɗa wa kayan sauti a gida tambayarsu ta farko ɗaya ce, wat nawa ce sabwufar, inci nawa ne bakinta. Sabwufa dai ita ce sipikar da ke fitar da sauti mafi kauri, wato bes, wat kuma ma'aunin ƙarfin wutarta ne. Ba laifinsu ba ne kam, lambar da aka buga a jikin kwali ita suke gani. Amma aikin nan ya nuna min ɗakin da za a ajiye ta ya fi akwatin kansa tasiri a kan abin da kunne zai ji, nesa ba kusa ba, kuma abin yana damuna in ga mutum ya ɗauko kaya mai kyau ya dangwarar a inda ya samu fili, sannan ya ce wai na'urar ce ba ta da kyau.

Me yasa ma ake neman ta tun farko? Kunnen mutum yana ji daga wajen 20 Hz zuwa 20,000 Hz, wato kaɗawa 20 a daƙiƙa har zuwa dubu 20. Ƙananan sipikun nan da ake ɗorawa a kan kanta yawanci suna fara sarewa a wajen 50 ko 60, alhali tsirkiya mafi kauri ta gitar bes tana kan 41, makullin fiyano na ƙarshe ta hagu kuma 27.5. To wannan ƙasan shi ake rasawa. Kuma fitar da shi ture iska ne kawai, in kana so ka sauka daga 60 zuwa 30 ba tare da ƙarfin ya ragu ba sai faifan sipikar ya ture iska ninki huɗu, shi yasa ƙaramar sipika ba za ta iya ba komai kyanta. Wat kuwa ko ka ninka shi biyu desibel 3 kawai ka ƙara a ma'aunin ƙarar sauti, kunne zai ji amma ba wani can ba.

Yanzu ga inda maganar take. Sauti yana tafiyar mita 343 a daƙiƙa, kenan igiyar sauti ta 40 Hz tsawonta ya haura mita 8, ta fi yawancin ɗakuna tsawo. Sai ta bugi bango ta dawo ta haɗu da mai zuwa, a wani wuri su ƙara wa juna ƙarfi a wani wuri su kashe juna, kamar in ka girgiza baho da ruwa za ka ga ruwan yana hawa da sauka a gefe da gefe amma tsakiya kusan ba ya motsi. Lissafin ba wuya, ka raba 343 da ninki biyu na tsawon ɗakin. Ɗaki mai mita 5 zai yi ƙugi a wajen 34 Hz sannan 69, faɗin mita 4 kuma ya ba ka 43, ga kuma na tsakanin ƙasa da silin. Shi yasa za ka ga mai gida yana zaune a tsakiyar falo yana cewa ba ya jin bes, ya yi ta ƙara murya, shi kuwa wanda ke jingine da bangon baya ƙirjinsa har rawa yake yi. Duk su biyun gaskiya suke faɗa. Wani lokaci matsar da kujera rabin mita gaba ko baya ya fi duk wani maɓalli da za ka murɗa amfani.

Dabarar da ban taɓa dainawa ba ita ce rarrafe. Ka ɗora sabwufar a kan kujerar da ake zama, ka sa waƙa wadda bes ɗinta ke hawa da sauka ba mai duka ɗaya ba, sai ka durƙusa ka bi jikin bango a hankali kanka kusa da ƙasa kana saurare. Inda ka ji kowane sautin bes ya fito daidai da ɗan'uwansa, ba wanda ya kumbura ba wanda ya ɓace, nan ne wurinta. Ba inda ya fi ƙara ba fa, a kula da wannan. Kusurwa ita ta fi ba da ƙara don tana tayar da duk ƙugin ɗakin lokaci guda, a wasu ɗakunan ta yi daidai, a wasu kuma sai ka ji kamar sauti ɗaya ake ta maimaitawa daga farkon waƙa har ƙarshe.

In wuri ya samu sai maɓallan baya. Na kurosoba shi ke yanke inda sabwufa za ta tsaya ta bar wa manyan sipiku sauran. A tsarin kallon fim 80 Hz ne ma'aunin da kamfanin THX masu tsara ƙa'idar sautin silima suka kafa kuma dalilin mai kyau ne, ƙasa da nan kunne yana shan wahalar gane ta ina sauti ke fitowa. Amma in amfilifayarka ta sitiriyo ce wadda ba ta yanke wa manyan sipiku ƙasansu, gara ka fara daga inda su suke sarewa, in 50 ne ka fara a wajen 50 ɗin ka riƙa hawa kaɗan kaɗan. Da zarar muryar namiji ta fara kauri kamar mai mura, ko ka iya nuna akwatin da yatsa idonka a rufe, ka wuce gona da iri, koma baya.

Sai ɗan makunnin nan da aka rubuta 0 da 180, mutane da yawa ba su taɓa taɓa shi ba. Igiyar 80 Hz tsawonta mita 4.3 ne, to in tazarar sabwufa da ta sipiku zuwa kunnenka ta bambanta da wajen mita 2, ɗaya na turawa ɗaya na ja, sai rami ya buɗe daidai wurin da ya kamata su haɗu. Ka sa sauti a kan lambar kurosobar, ka zauna a kujera wani ya riƙa juya maka, wanda ya fi cika shi ne daidai, a nan kam ƙara ita ce alama. Wani abu kuma da ke ruɗa mutane, risiba, wato amfilifayar tsarin kallon fim, wadda ke auna ɗaki da kanta sai ta nuna sabwufa tana nesa fiye da abin da tef ya nuna, su kuma su gyara lambar da hannu. A bar ta yadda take. Na'urar cikin sabwufar tana jinkirta sauti kaɗan, kuma kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa daidai yake da santimita 34, wannan jinkirin risibar ta lissafa.

Ƙarfi kuwa, kusan duk inda na shiga na tarar ya yi yawa. Tun 1933 Fletcher da Munson suka nuna kunne ba ya jin ƙasan sauti sosai in murya tana ƙasa, don haka ka saita a daidai ƙarar da ka saba saurare, ba da dare a hankali ba. Ni ma'aunina shi ne in tana kunne kar ka san da ita, in an kashe ta ka ji waƙar ta rame.

Batun rufaffen akwati da mai bututu ana ta musu a kai, ni dai ga ƙaramin ɗaki da sauraron kiɗa na fi son rufaffe, yana sauka a hankali, desibel 12 duk lokacin da lambar Hz ta rabu biyu, ɗakin kuma yana taimaka masa daga ƙasa. Mai bututu ya fi ƙara a kusa da inda aka saita bututun amma ƙasa da nan yana faɗuwa da 24, ga girman jiki. Babban falo da fim, shi zan ɗauka ba gardama. Abin da ban yarda da shi ba shi ne cewa wai babban baki bes ɗinsa "a hankali" yake, yawanci ɗakin ne ke riƙe sautin yana jan sa bayan faifan ya riga ya tsaya.

Wanda ke son ya gani da idonsa, akwai manhajar REW kyauta ce, da makirfon awo irin UMIK-1, za su zana maka ɗakinka a layi ka ga tudu ka ga rami. Ikwalaiza tana iya sare tudun, amma ramin kar ka ɓata lokaci, duk ƙarfin da ka zuba igiyar da ke dawowa daga bango ita ma ƙaruwa take yi su sake kashe juna, sai dai amfilifaya ta yi zafi a banza. Maganin rami canjin wuri ne ko ƙarin sabwufa ta biyu. Binciken da Todd Welti ya yi a kamfanin Harman ya nuna biyu a tsakiyar bangaye masu fuskantar juna suna daidaita bes a kujeru da yawa fiye da guda ɗaya, shi yasa in iyali ne za su zauna tare nake ba da shawarar matsakaita biyu maimakon ƙatuwa ɗaya.

Kafin in tattara kaya nakan sa sauti mai sauka daga 100 zuwa 20 a hankali in zagaya ɗakin, nan ne taga da firam ɗin hoto da ƙofar kabad suke tona kansu, ɗan roba ko soso ya isa ya yi shirun. In kuma ka ji wani gurnani mara yankewa ko babu waƙa, wannan na wutar lantarki ne, 50 ko 60 Hz, ka haɗa sabwufa da amfilifaya a soket ɗaya sannan ka gwada zare wayar eriyar talabijin don sau da yawa ita ce. Don Allah kar ka karya ƙafar at, wato ta uku mai kai wuta ƙasa, ta filogi don gurnanin ya tafi, ita ce ke kare ka ranar da wuta ta taɓa jikin akwatin.