Jiragen da na manta ban lissafa ba

A shekarar ƙarshe ta digirina a fannin tarihi, aikin da na zaɓa shi ne taimakon da Faransa ta ba Amurkawa lokacin da suke yaƙin ƙwatar kansu daga hannun Ingila. Wata guda na yi ina tattara alƙaluma. Na fara da livre (kuɗin Faransa na wancan zamani) miliyan ɗaya da Sarkin Faransa Luwi na 16 ya fitar a ɓoye a 1776, aka bi da su ta wani kamfanin bogi da wani Bafaranshe, Beaumarchais, ya kafa don safarar bindigogi da albarushi. Na ƙara da kyauta da rancen da wakilin Amurka Benjamin Franklin ya yi ta roƙowa a Paris. Da na haɗa jimla sai na rubuta cewa kuɗin bai taka kara ya karya ba.

Malam ya karanta yana kurɓar shayi, sai ya zare jan biro ya zagaye jimlar tawa har sau biyu.

"Kai, jiragen da suka tare Turawan Ingila a mashigin tekun Chesapeake na Amurka, iska ce ta biya kuɗinsu?"

"Malam, ai waɗannan na Faransa ne, ba a ba Amurka su ba."

"To, wa aka je yi wa yaƙin?"

Na yi shiru. Ashe abin da aka danƙa wa aboki a hannu shi ne ƙaramin kaso. Tun da aka ƙulla yarjejeniyar ƙawance tsakanin Faransa da Amurka a 1778, yaƙin ya zama na Faransa ita kanta. Janar ɗin Faransa Rochambeau ya sauka garin Newport na Amurka a 1780 da dakaru sama da 5,000, kowanne sai an ciyar da shi an biya shi albashi a wata uwa duniya. Jiragen de Grasse, kwamandan sojan ruwan Faransa, su ne suka rufe wa janar ɗin Ingila Cornwallis hanyar teku har ya miƙa wuya a Yorktown a 1781, kuma bayan 'yan watanni, a Afrilun 1782, Ingila ta ragargaji rundunar a tekun Karibiyan ta kama de Grasse ɗin da kansa. Idan aka tara duka, yaƙin ya ci wa Faransa fiye da livre biliyan ɗaya.

Inda na fi daɗewa shi ne yadda aka biya. Turgot, mai kula da baitulmali, ya gargaɗi sarki tun 1776 cewa aljihu ba zai ɗauka ba. A shekarar aka sallame shi. Necker kuwa, wanda ya riƙe harkar kuɗin ƙasa daga baya, ya ƙi ƙara haraji, ya bi hanyar rance da kuɗin ruwa mai tsada, don haka talaka bai ji zafi nan take ba. A 1781 ya wallafa rahoton da ya nuna wai akwai rarar livre miliyan 10, alhali ya ajiye kuɗin yaƙi gefe a matsayin kashewa ta musamman. Da na karanta wannan sai dariya ta kama ni ni kaɗai a laburare: kuskurenmu ɗaya da Necker, sai dai shi ya san abin da yake yi.

Bashi dai hanji ne. Zuwa 1788 kusan rabin abin da gwamnati ke kashewa na tafiya ne wajen biyan masu bin ta, dole sarki ya kira majalisar ƙasa a Mayun 1789, wadda rabonta da zama tun 1614. Ba zan ce yaƙin Amurka kaɗai ya jawo juyin juya hali ba, tsarin harajin ma a ruɓe yake, amma shi ya ƙarasa cika tulun.

Da aka yi sulhu a 1783, rabon Faransa bai wuce tsibirin Tobago da tashoshinta na Senegal da wasu 'yan wurare ba. A 1794 Amurka ta shirya da Ingila, zuwa 1798 kuma jiragen Amurka da na Faransa suna harbin juna a teku. Babin da na sake rubutawa ya ninka na farko tsawo, Malam bai taɓa shi da jan biro ba sai a wuri ɗaya, inda na rubuta sunan Rochambeau ba daidai ba.