Sana'ar da ji ya kori gani

Mu biyar ne a kamfanin, in an lissafa har da yaron da ke kula mana da janareta. Abin da muke yi manhajar waya ce mai koya wa baƙo Hausa. Yawancin masu sayenta 'yan bautar ƙasa ne da aka turo Kano, waɗanda ke fitowa daga sansanin Karaye bayan mako uku ba su iya komai ba sai "sannu" da "ba Hausa". Sai ma'aikatan jinya daga Kudu, da 'yan kasuwar Sabon Gari, da 'ya'yanmu da aka haifa a Ingila ko Amurka, waɗanda kakanninsu ke kira a waya a yi ta kallon-kallo.

An ce Hausa ba dabo ba ce. Gaskiya ne, amma wanda ya faɗi haka da ita ya tashi. Rubuta wa baƙo "fari" ka ce ya karanta: farin launi ne, ko farin rashin ruwa, ko farin da ke nufin farko? "Wuya" ta jiki ce ko ta wahala? "Gari" na zama ne ko na tuwo? Bokonmu ba ya nuna tsawon wasali, ba ya nuna hawa da saukar murya. Bargery ya sa alamominsu a ƙamusunsa na 1934, amma mu a rubutun yau da kullum ba ma sawa, kunnenmu ne ke cike gurbin. Baƙo kuwa ba shi da wannan kunnen, shi muke ƙera masa. Shi ya sa a manhajarmu ba ka ganin kalma a rubuce sai ka ji ta sau uku daga bakin mutum uku, namiji da mace da tsoho ko tsohuwa.

Ɗaukar muryar nan ita ce sana'ar. Ɗakinmu katifu muka jingina a bango, muka manna kwalayen ƙwai a rufi, kuma ba ma fara aiki sai sha ɗayan dare, lokacin da janaretocin maƙwabta suka yi shiru, masu adaidaita suka tashi. Akwai wata gwaggona da ta yi mana darasin gaisuwa. Sau ashirin tana maimaita "ina gajiya" sai ta ajiye makirfo ta ce, "Kai ɗan nan, wa ke gaisawa da bango?" Ta fi ni gaskiya. Daga ranar ba mu sake ɗaukar mutum shi kaɗai ba, sai biyu suna fuskantar juna, kuma nan take muryar ta canja. Darussan ƙ da ɗ da ɓ su suka fi cin dare, don wanda bai raba "ƙarya" da "karya" ba, wata rana zai zagi mutum yana zaton ƙaryata shi yake yi.

Ni ilimin kwamfuta na karanta, amma tsarin maimaita darasi ba a aji na samo shi ba. Da na fara bincike na ci karo da Leitner, wani Bajamushe da ya fito da dabarar akwatunan kati a 1972: kalmar da ka sani ta matsa akwatin gaba, ka daɗe ba ka sake ganinta ba, wadda ka manta ta dawo akwatin farko. Dariya na yi, don malaminmu na allo haka yake mana. Ba a wanke allo sai karatu ya zauna, da asuba a yi tilawar na jiya, ranar Laraba a koma na baya can. Wannan na rubuta wa kwamfuta, ban ƙara komai ba sai lissafin kwanaki.

Kuma mun gina manhajar ne don wayar da mutane ke riƙe da ita, Tecno da itel, ba don masu iPhone ba. Ka sauke sau ɗaya, ba ta sake neman data.

To, a nan gizo ke saƙa. Wani ɗalibinmu ne ya fara kawo mini labari cewa ya ga darussanmu a wani shagon masu tura fina-finai, an zuba a memori, ana bayarwa a kuɗin da bai kai na lemo ba. Na je na saya da kuɗina, na ji muryar gwaggona tana gaisuwa a tsakanin waƙoƙi. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Waɗannan ma da sauƙi, ko ba komai Hausa ta gaskiya suka sata. Masu ƙona mini rai su ne masu kwaikwayo, waɗanda ke kwaso jimlolin Turanci su zuba wa injin fassara, su sa muryar na'ura ta karanta, cikin kwana biyu sun fitar da manhaja. Google ya sa Hausa a fassararsa tun 2013, yana da ranarsa, amma ba malami ba ne. Na ji ɗaya daga cikin manhajojin nan tana ce wa mace "kai", tana koya wa mutum ya gai da surukinsa da "yaya kake". Sannan mai saye ya zo yana mini ciniki, "Oga, ai waccan kyauta ce." Nakan ce ya je ya gai da mai unguwa da ita, in ya dawo sai mu yi magana.

Cinikin ma darasi muka mai da shi. Yaya za ka taya, yaushe mai kaya ke cewa "albarka", me "sallama" ke nufi a bakin ɗan Kantin Kwari, ta yaya ake roƙon gyara ba tare da zubar da kai ba. A kasuwar muka ɗauka, da hayaniyarta.

Yanzu darasin ta'aziyya ne a gabanmu. Wata ma'aikaciyar jinya ce ta roƙa, ta ce mara lafiya ya rasu a hannunta, ta tsaya a gaban 'yan uwansa ba ta san abin faɗa ba. Sau uku muna ɗauka ina sokewa, don "ya haƙuri" da "Allah ya jiƙansa" suna fita kamar ana karanta labarai a rediyo. Na aika a ɗauko gwaggo daga ƙauye, ranar Asabar za ta iso.