Almakashina ba ya jiran hantsi

Shekara 14 ke nan ina riƙe da shagon ɗinki a Daura, da yara 6, keke 5 da injin aiki guda. Telolin wasu garuruwa salla biyu ke hana su barci, mu kuwa uku gare mu: ƙarama, babba, sai Sallar Gani a watan Rabi'ul Awwal, lokacin da 'yan Daura na nesa ke dawowa gida, kowa na son a gan shi cikin sabuwar riga.

A da, wanda ya fi matsa mini shi nake wa aiki. In mutum ya zo ya zauna kan benci yana duba agogo, ko yana kira sau goma a wuni, sai in ajiye abin da ke hannuna in ɗauki nasa. Ina ganin hakan kyautata wa abokin ciniki ne.

Wani dattijo daga wajen Sandamu ya nuna mini kuskurena. Ranar 2 ga azumi ya kawo yadin 'ya'yansa huɗu, aka yi awo, ya biya kuɗi cif, bai rage ko sisi ba. Bai sake leƙowa ba, bai kira ba, don ya yarda da ni. Jajibirin salla bayan la'asar sai ga shi a kan babur. Na duba, yadin na ƙarƙashin tebur cikin ledarsa, ko alli bai taɓa shi ba. A wannan makon kuwa na ɗinka wa waɗanda suka zo ranar 25 ga wata, don kawai sun iya hayaniya. Ya daɗe yana kallon ledar, sannan ya ce, "Ba komai, ɗana. Allah ya sa haka ya fi alheri." Na ce, "Baba, ka ba ni zuwa asuba." Mun kwana kan keke, amma kaftani biyu kaɗai suka fita. Yara biyu sun je idi da tsoffin kaya saboda ni, kuma har yau abin na ci mini rai.

Bayan sallar na zauna na tambayi kaina: wane aiki ne a shagon nan in ban yi shi ba komai ke tsayawa? Yanka ne. Haɗa riga, sa maɓalli, kalmasa, guga, duk yarana sun iya. Amma shadda yadi 10 ta babbar riga da 'yar ciki da wando, in almakashi ya kauce ba ta gyaruwa, kuma in ban yanka ba keke 5 zaune suke. Don haka daga sallame sallar asuba sai shago. Waya na cikin aljihun tebur a kashe, ƙofa a turo, ina yanka har ƙarfe 9. Kafin yara su iso kowa aikinsa na kan kekensa. Awa ukun nan sun fi mini sauran wunin albarka, domin da hantsi ya dubi ludayi masu awo da masu karɓa da masu gaisuwa za su cika wurin.

Kuɗin wannan sammakon shi ne barin majalisar dare. Ina son hira, ina son shayi, amma wanda ya kai 12 a majalisa hannunsa rawa yake da asuba. Yanzu bayan isha'i nakan tsaya mu gaisa, in wuce gida. An yi ta cewa na yi girman kai, daga baya aka saba.

Aikin inji da guga kuwa wuta ke ba su lokaci, ba ni ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, ba na tada janareta don riga ɗaya. Muna tara masu aikin wuya da na aljihu wuri guda, da an kawo wuta a bar komai a hau kansu. Kantin Kwari ma sau ɗaya nake zuwa kafin kowace salla: in rubuta zare da shafi da zif da allurai, in bi ta Kazaure da sassafe, in dawo a ranar.

Abin da ya fi wuya shi ne rufe littafi. Kowane ɗinki da lambarsa da ranar karɓarsa, kuma ranar 10 ga azumi nake ja layi. Bayan nan ko ninki biyu za a ba ni ba na amsa, domin duk rigar da na amsa a makare, ta wani mai haƙuri na ture. Bara wani Alhaji da muke mutunci ya zo da gezna ranar 20. Na ce, "Ranka ya daɗe, in na karɓa ƙarya zan yi maka." Na haɗa shi da wani tsohon yarona da ya buɗe nasa shagon. Ya tafi ransa a ɓace, bai amsa sallamata ba.

Da Gani ta matso ya aiko direbansa da shadda kala uku, wata guda cur kafin lokaci. Na rubuta shi lamba 17, a bayan wani mai sayar da icce da ya riga shi kawowa.