Abin da na koya da na shiga horon soja daga jami'a

A Amurka akwai tsarin da ke bai wa ɗalibi damar samun horon hafsan soja yana cikin jami'a, wanda aka kafa tun 1916, kuma ko wanda ya sauya jami'a a tsakiyar karatu ana iya haɗa masa horon shekaru biyun farko a sansani guda lokacin hutu. A nan Nijar, hanyar da ni da ire-irena muka bi ita ce mutum ya kammala lisansi, ya yi jarrabawar shiga makarantar hafsoshi da ke Yamai, sannan ya tarar da waɗanda suka riga shi sanin kaki. Ni daga sashen aikin gona na Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi na fito, yayin da wasu abokan horona suka fito daga makarantar sakandaren soja ta Yamai, inda yaro ke shiga bayan firamare ya yi shekara 7 yana tashi da ƙarar begila.

Tazarar da ke tsakaninmu ta bayyana tun makon farko a cikin ƙananan abubuwa. Su suna gyara gado ya miƙe sumul kafin ni in gama ninke bargo, suna kwance bindiga su mayar da ita ba tare da sun tsaya tunani ba, kuma ƙafarsu ta san fareti alhali tawa tana jiran kunnena ya fassara mata umarni. Wanda aka haɗa ni da shi ƙanena ne a shekaru, amma shi ya zama malamina. Wani dare ya ga yadda takalmi ya sale mini dunduniya, sai ya ce: "Yaya, kawo ƙafar nan in gani. Ka riƙa sa safa biyu, kuma kada ka kwanta ba ka shanya su ba." Ya zauna a ƙasa ya nuna mini yadda ake ɗaure igiyar takalmi ta kama idon sawu ba ta matse yatsu ba. A ganina duk wanda ya zo daga baya, babu abin da zai cike masa giɓi da sauri kamar ya yarda na ƙasa da shi a shekaru ya koya masa, domin mai horarwa yana da mutane da yawa a gabansa, abokin ɗaki kuwa kai kaɗai yake kallo.

Karatun jami'a bai tashi a banza ba, sai dai ya jira lokacinsa. Da aka zo darasin taswira da kamfas, na tarar da abin da muka saba yi wajen auna filaye a fadamar Gulbin Maraɗi: a taswira mai ma'aunin 1/50,000, santimita 1 tana daidai da mita 500 a ƙasa, kuma idan layukan da ke nuna tsayin ƙasa a taswira suka matsu da juna, gangaren wurin yana da tsanani. A nan ne ni ma na samu abin da zan ba abokin nawa, muka riƙa zama da fitila bayan isha'i ina yi masa bayani. Daga lokacin na daina jin kaina baƙo a cikinsu.

Game da shiri kuwa, ina yawan gaya wa ƙannena na jami'a da ke tambayata idan na zo gida cewa su tattara takardar haihuwa, ta shaidar ɗan ƙasa da ta kotu mai nuna ko an taɓa hukunta mutum da wuri, su tuna ta kotun wata 3 kawai take aiki, kuma akwai iyakar shekaru. Abin da ya fi ɗaukar lokaci shi ne jiki. Wani kawuna, tsohon soja, shi ya sa ni fita gudu bayan sallar asuba a hanyar Tibiri tun ina shekarar ƙarshe, ko da hunturu ya busa, yana cewa: "Ɗana, numfashi ba a aronsa ranar jarrabawa." Wanda yake da niyyar nema baɗi, ya kamata ya fara wannan gudun tun bana, ya kuma je likita ya duba masa ido da zuciya kafin ya kashe kuɗin mota zuwa Yamai.