Hermia da taurin kan mahaifinta

Ina taya ƙanwata bitar A Midsummer Night's Dream, wasan barkwancin da Shakespeare ya rubuta wajen 1595, sai na ga fitowar farko ba abin dariya ko kaɗan. Egeus ne ya ja 'yarsa Hermia gaban Theseus, mai mulkin Atina, yana ƙara: shi ya ba Demetrius ita, ita kuwa ta kafe sai Lysander. Dokar garin ta ce ko ta bi zaɓin uba ko a kashe ta. Sassaucin Theseus kawai shi ne ta haƙura da aure har abada, ta tare a gidan bauta.

To me Lysander ya yi? Asalinsu ɗaya da Demetrius, dukiya ma ba a fi shi ba. Laifinsa a bakin tsohon: waƙa a ƙarƙashin taga cikin farin wata, zobe, furanni da kayan zaƙi, wai da su ya sace zuciyar yarinya. Demetrius ɗin da ake yabo kuwa ya taɓa yaudarar wata budurwa mai suna Helena, amma wannan bai dami Egeus ba.

Ƙanwata ta yi murna da aka ɗaura auren Hermia da Lysander a ƙarshen wasan. Ni dai ban gamsu ba. Hujjar Hermia ba ta ci nasara ba. Ruwan furen da aljanu suka ɗiga wa Demetrius a ido ne ya mai da shi ga Helena, sannan Theseus ya danne maganar uban. Har wasan ya ƙare ban ji Egeus ya sa albarka ba.