Daga Unguwar Nima ta Accra Zuwa Kumasi, da Abin da Na Gani a Taswirar Arewacin Duniya

Mun tashi daga tashar Circle ta Accra da asuba, muka bi ta Nsawam da Suhum, muka ɗan yada zango a Nkawkaw a gindin duwatsun Kwahu, sannan muka shiga Kumasi bayan azahar. Ziyara na kai wa ɗan ƙanwata, wanda yake karatun safiyo da zanen taswira a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah (KNUST).

Bayan mun ci tuwo a Aboabo, sai ya buɗe kwamfutarsa ya ce, "Kawu, matso ka ga ƙasar da itace ba ya tsiro." Tundura ke nan, filin da ke arewacin Alaska da Kanada da Saberiya, inda ƙarƙashin ƙasa yake daskare shekara da shekaru. Hotunan na taurarin ɗan Adam ne na Landsat, waɗanda Amurka ta fara harbawa a 1972. Kowane ɗigo a allon fili ne mai faɗin mita 30, kuma tauraron yana sake ratsa wuri ɗaya bayan kwana 16. Ɗanyen ganye yana shanye jan haske, ya mayar da wani hasken da ido ba ya gani, kuma da bambancin nan ake auna yawan tsirrai.

Ya nuna mini binciken da aka wallafa a 2020, wanda ya gano cewa tsakanin 1985 da 2016 kimanin kashi 37 cikin 100 na wuraren da aka duba sun ƙara kore, kimanin kashi 5 kacal suka ƙara bushewa. Na ce ashe albarka ce ta sauka, amma ya girgiza kai. Ɗumamar yanayi ce take ba ƙananan itatuwa damar mamaye filin, suna danne gansakukar da barewar ƙanƙara take ci da hunturu, yayin da daskararriyar ƙasar take narkewa tana sakin iskar da ke ƙara zafin duniya. Abin ya dame ni ƙwarai, domin makiyayan can da waɗannan dabbobi suka dogara.

Washegari, a hanyar komawa, mun wuce gonakin koko shar a wajen Konongo, a wuraren da a da kurmi ne. Ɗan ƙanwata ma ya faɗa mini cewa tauraron yakan kasa bambanta koko da ainihin kurmi, sai an tura mutum ya taka wurin da ƙafarsa.